Masu Rakiyar Tafiyar Awa Shida

A wani gini na Jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore a Amurka, akwai ɗakin da aka ƙawata da gangan don kada ya yi kama da asibiti. Doguwar kujera mai laushi, fitila mai sanyin haske, hotuna a bango, fure a kan tebur. Da safe mara lafiya zai shigo, a miƙa masa ƙwaya da kofin ruwa, ya haɗiye, ya kwanta. A rufe masa ido da ƙyalle mai duhu, a sa masa abin jin sauti a kunne. Daga nan har la'asar mutum biyu ne za su zauna a gefensa, sau da yawa mace da namiji. Lokaci-lokaci ɗayansu zai tashi ya auna masa hawan jini ya koma ya zauna. Wanda ya leƙo zai rantse zaman banza suke yi.

Ƙwayar da ya haɗiya sunanta sailosaibin, sinadari ne da ake samu a wasu nau'o'in laimar kwaɗi. Da ta shiga jiki sai ta rikiɗe ta zama sailosin, ta je ƙwaƙwalwa ta kama wuraren da sinadarin serotonin ya saba kamawa. Cikin minti 20 zuwa 40 abubuwa za su fara sauyawa: launuka su yi ƙarfi, lokaci ya miƙe, tsofaffin abubuwan da mutum ya binne su taso, wani ma ya ji iyakar da ke tsakaninsa da duniya ta narke. Abin yakan kai ƙololuwa cikin awa biyu na farko, sannan ya riƙa sauka a hankali, har ya cika awa huɗu zuwa shida.

Tambayar da jaridu ke yi ita ce ko wannan ƙwaya tana maganin ciwon damuwa da fargaba. Akwai alamu masu ƙarfi. A watan Disamba na 2016 ƙungiyar Roland Griffiths a Johns Hopkins ta fitar da sakamakon gwaji a kan masu ciwon daji 51 da damuwa da tsoron mutuwa suka dabaibaye; bayan wata shida, kusan kashi 80 cikin ɗari suna nan da sauƙi mai yawa. A rana guda Jami'ar New York ta fitar da nata a kan mutum 29, sakamakon kusan ɗaya. Amma da aka faɗaɗa gwajin sai murnar ta ɗan ragu. A 2021 masana a Imperial College da ke Landan suka gwada ta da sanannen maganin damuwa, esitalofiram, a kan mutum 59, kuma a babban ma'aunin da suka sa a gaba ba a ga bambancin a-zo-a-gani ba. A 2022 kamfanin Compass Pathways ya gwada mutum 233 waɗanda sauran magunguna suka gaza a kansu. Bayan mako uku, kashi 29 cikin ɗari na waɗanda suka sha miligiram 25 ciwon ya lafa musu, alhali kashi 8 ne kawai a cikin waɗanda suka sha miligiram 1. Wasu kuwa tunanin kashe kai ya taso musu bayan shan. Ga kuma matsalar da ta addabi duk wannan bincike: ba a iya ɓoye wa mutum ko ainihin maganin ya sha ko na bogi, domin wanda bango ya fara yi masa numfashi ya san abin da aka ba shi.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a duk waɗannan gwaje-gwaje babu inda aka ba mutum ƙwaya aka ce ya tafi gida. Kowane adadi da ke sama an same shi ne da waɗancan mutum biyu a gefe. Aikinsu ne ya fi burge ni.

Aikin yana farawa tun kafin ranar shan magani. Ƙa'idojin da Matthew Johnson da William Richards da Griffiths suka wallafa a 2008 sun tanadi kusan awa takwas na zama da mara lafiya, a raba su gida-gida cikin makonni. Da farko akwai tankaɗe da rairaya: wanda shi ko danginsa na kusa suke da tarihin taɓin hankali mai tsanani, ko ciwon nan da ke ɗaga mutum sama ya sauke shi ƙasa, ba a saka shi, haka ma mai ciwon zuciya ko hawan jinin da bai daidaita ba. Wanda ya tsallake, sai a zauna hira. Yarintarsa, iyayensa, aurensa, wanda ya mutu ya bar shi, abin da yake jin kunya, abin da ya yi imani da shi. Mai rakiya ba wai tana tara labari don ta fassara masa rayuwarsa ba ne. So take in ya buɗe ido cikin firgici a tsakiyar tafiya, fuskar da zai gani ta zama wadda ya riga ya aminta da ita.

Har riƙe hannu sai an gwada shi tun da ido biyu. Za ta tambaye shi: in abu ya yi tsanani, kana so a riƙe maka hannu, ko a dafa maka kafaɗa, ko kada a taɓa ka sam? In ya yarda, sai su gwada a nan take, ya ji yadda abin yake, a kuma yi alkawarin cewa ba za a wuce nan ba. Ƙaramin abu ne a ido, amma dubi hikimar da ke ciki. Mutumin da magani ya ɗauke ba ya cikin halin da zai ba da izini na gaskiya, don haka ake karɓar izinin tun hankalinsa yana jikinsa.

Sai kuma wasiyyar tafiya, wadda aka fi danganta ta da William Richards. Wannan dattijo ya fara aikin tun shekarun 1960, ya yi shi a cibiyar bincike ta Maryland har aka rufe ƙofa a 1977, sannan ya dawo da aka sake buɗewa a Johns Hopkins wajen shekarar 2000. Abin da yake koya wa mutane ya saɓa wa abin da jiki ke so. In ka ga ƙofa, shiga. In ka ga matakala, bi ta. In dodo ya taso maka, kada ka juya baya. Tsaya ka dube shi, ka tambaye shi me ya kawo shi. In ka ji kamar za ka narke ko za ka mutu, bar abin ya faru, jikinka yana nan kwance muna tsaronsa. Dalilinsa shi ne, mafi yawan azabar da ake sha a wannan hali daga kokawa da abin take fitowa. Wanda ya gudu, abin ya bi shi. Wanda ya tsaya, sau da yawa abin yakan rikiɗe ya zama wani abu dabam, kuka, ko tunawa da wani, ko yafiya.

A ranar kanta, gwanintar tana cikin kame kai. A ce awa biyu da shan magani, mara lafiya ya fara rawar jiki, numfashinsa ya yi sama, ya fizge ƙyallen ido yana cewa ya haukace, ba zai dawo ba. Duk mai tausayi abin da zai fara zuwa masa shi ne ya yi ta magana, ya lallashe shi, ya karkatar da hankalinsa, ko ya kira likita a yi masa allura. Ƙwararriyar mai rakiya tana matsowa ne kawai, ta sassauta nata numfashin, ta miƙa hannun da aka yi alkawari. Kalmominta ba su wuce a ƙirga da yatsu ba: muna nan tare da kai, maganin ne ke aiki, zai wuce. In ya ɗan natsu sai ta ce masa ya mayar da ƙyallen, ya koma ciki ya ga abin da ke can. Ba ta tambayarsa me ya gani. In ya ce ya ga mahaifinsa da ya rasu, ba za ta ce masa ai wannan na nufin kaza ba. A binciken Griffiths na 2006, kusan kashi ɗaya cikin uku na masu sa kai sun shiga tsoro mai tsanani a wani lokaci na zaman, kuma da irin wannan kwantar da hankali aka fitar da su. Maganin kwantar da jiki yana nan a ajiye, likita yana kusa, amma a wurin masu wannan aiki kai hannu gare shi shi ne zaɓi na ƙarshe.

Ungozoma ba ita ke naƙuda ba, kuma wadda ta san aikinta ba ta janyo jariri da ƙarfi don ta gaji da jira. Haka wannan aikin yake, sai dai a nan dalilin kame kai ya wuce haƙuri. Sailosaibin yana sa zuciya ta yi laushi ƙwarai, duk abin da aka faɗa wa mutum a wannan hali yana iya zama masa gaskiyar da ba ta da shakka. Mai rakiyar da ta saka masa aƙidarta, ko ra'ayinta a kan matarsa, ko fassararta ta mafarkinsa, ta cuce shi ko da niyyarta alheri ce. Saboda haka dole ta san nata rauni: son a yaba mata, son ta zama ita ce ta warkar, gajiyar zama awa bakwai ba waya ba littafi mai ɗauke hankali. Mary Cosimano, ma'aikaciyar jin daɗin jama'a da ta raka ɗaruruwan irin wannan zama a Johns Hopkins, sunanta ya fito a wannan fage ba don wata sabuwar dabara da ta ƙirƙiro ba, sai don iya zama da mutum.

Akwai ƙananan abubuwa da ba a rubuta su a kanun labarai. Ba a barin ɗakin babu kowa ko na minti ɗaya. In zai zaga bayi, a raka shi har bakin ƙofa, kuma ba a kulle ta. Da yamma ba a sallamarsa sai hannun wani nasa.

Kiɗan da ke kunnensa ma aiki ne na gwani. Tun farkon shekarun 1970 Helen Bonny, mai goge irin na Turawa kuma mai jinya da kiɗa, ta yi nazarin yadda za a jera sauti ya bi hawa da saukar magani. Jerin da Richards ya tsara yana farawa da mai sanyi, ya hau zuwa manyan kaɗe-kaɗen gargajiyar Turai a lokacin ƙololuwa, ana guje wa waƙa mai kalmomin da mutum zai fahimta don kada ta ja tunaninsa wani wuri, sai can wajen saukowa a sako muryoyin da ya sani. Mendel Kaelen, wanda ya tsara na Imperial College, ya gano cewa yadda mara lafiya ya karɓi kiɗan yana da alaƙa da sauƙin da ya samu daga baya. A nan ina da ƙorafi ɗaya: jerin da aka gina a kan kunnen Bature ba lallai ya yi wa kowa ba, kuma su kansu masu aikin sun fara gane haka.

Ba Turawa suka fara zama da mai shan wannan tsiro ba. A garin Huautla de Jiménez da ke jihar Oaxaca ta Mekziko, María Sabina, 'yar ƙabilar Mazatek, takan kwana tana rera addu'o'inta a kan marasa lafiya cikin duhu. A wurinta wani ma'aikacin banki na New York, Gordon Wasson, ya sha a 1955, ya buga labarin a mujallar Life a 1957, shekara guda kafin Albert Hofmann ya ware sinadarin a ɗakin bincike a Suwizalan. Abin bai yi mata daɗi ba: baƙi suka cika garin, 'yan sanda suka biyo, aka ƙona mata gida, ta rasu a 1985 cikin talauci. Ita jagora ce, tana gaba ana bin muryarta. Mai rakiyar asibiti ta zaɓi ta tsaya a baya, domin ba ta da wata al'ada guda da ta haɗa ta da duk wanda zai kwanta a kujerar.

Kada mai karatu a nan gida ya haɗa wannan da zaƙami. Zaƙami gubarsa dabam ce, ruɗewa yake kawowa da mantuwa, yana kuma kisa. Sailosaibin ɗin ma doka ta hana shi a yawancin ƙasashe tun yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971, kuma batun halaccin magani mai gusar da hankali magana ce ta malamai da likitoci, ba ta mai tsintar laimar kwaɗi a bayan gari ba.

Washegarin shan magani ake komawa a zauna, kuma a nan ne mai rakiya take buɗe baki, shi ma da awo. Mutum ya ce ya gane yana son 'yarsa da suka shekara ba sa magana. To, yaushe zai kira ta? Wani ya taso da zumuɗin zai saki aiki ya sayar da gida. Sai a ce masa ya dakata tukuna, ƙurar ta kwanta. Sauƙin da aka samu a kan kujera yana iya zagwanyewa cikin 'yan watanni in bai sami abin kamawa a rayuwar yau da kullum ba.

Inda aka yi sakaci da wannan aiki an ga illarsa. A watan Agustan 2024 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ƙi amincewa da wani sinadari dabam, MDMA, a matsayin maganin firgicin da ke bin mummunan tashin hankali, kuma cikin abubuwan da suka ɓata wa neman suna har da labarin wata mata a Kanada da masu kula da ita suka keta haddinta a lokacin gwaji. Hukumar ta saba auna ƙwaya, ba ta da ma'aunin mutumin da ke zaune a gefe. Ostireliya, wadda ta buɗe ƙofar amfani da waɗannan magunguna a ranar 1 ga Yuli 2023, ta damƙa rubuta maganin a hannun likitocin ƙwaƙwalwa da aka ba izini na musamman. Jihar Oregon a Amurka ta bi wata hanya: bayan ƙuri'ar da jama'a suka kaɗa kan sailosaibin a 2020 ta fara ba da lasisi ga masu rakiyar da ba lallai su zama likitoci ba, bayan awa 120 na karatu da awa 40 na gwaji a aikace. Awa 160 ke nan, wato aikin wata ɗaya a ofis, ga sana'ar da Richards ya shafe fiye da shekara 50 yana koyo. Kuma ko a hakan, kuɗin zama ɗaya a Oregon yakan kai dala dubu ko fiye, yawancinsa ba na ƙwayar ba ne, na yinin da ƙwararre zai ɓata a gefen kujera ne.