Tokar Hekla da bishiyoyin Sikotilan: shin dutsen ne ya kashe su?

Idan ka taɓa cin karo da labarin da ke cewa wani dutse mai aman wuta ya sauya yanayin duniya a zamanin da, akwai yiwuwar daga wani dausayi aka samo hujjar. A Ailan da Sikotilan akwai dausayoyi masu sanyi inda ganyaye da gansakuka ke mutuwa ba sa ruɓewa sosai, saboda ruwa ya hana iska shiga. Sai su yi ta taruwa, sabo kan tsoho, wajen milimita ɗaya a shekara ko ƙasa da haka. Wannan baƙin tarin shi ake kira fit. Wanda ya zura bututu ya zaro mita biyar, ya zaro tarihin dubban shekaru ke nan. Ƙurar furanni da ta maƙale a ciki tana nuna irin tsirran da suka rayu a wurin, ɓawon wasu ƙananan halittu kuma yana nuna ko wurin ya jiƙe ko ya bushe.

Matsalar ita ce sanin shekara, kuma a nan toka ta shigo. Wani masanin Aislan, Sigurdur Thorarinsson, shi ya kafa wannan fanni a kundin digirinsa na 1944. Idan dutse ya yi aman wuta, tokarsa kan sauka cikin kwanaki kaɗan a kan ƙasa mai faɗi, don haka duk inda aka same ta, lokaci ɗaya take nunawa. A 1989 Andrew Dugmore ya nuna akwai tokar Aislan a fit ɗin Sikotilan, ba a ganinta da ido, ƴan ɓarɓashin gilashi ne da sai an sa madubin bincike. Ana auna sinadaran gilashin a gane dutsen da ya fito da shi. Har tokar wani dutse na Alaska da ya fashe wajen shekara ta 850 an gano a Ailan. Ban da ja a kan wannan ɓangare.

Inda nake da magana shi ne abin da ake ɗora wa tokar bayan an same ta.

A 1992 Jeff Blackford da abokan aikinsa suka wallafa bincike kan wani dausayi a Caithness, arewacin Sikotilan. Sun ga ƙurar furen bishiyar fayin ta ragu ƙwarai daidai inda tokar Hekla 4 take, wato aman da dutsen Hekla ya yi wajen shekara ta 2310 kafin haihuwar Annabi Isa. Suka kawo yiwuwar cewa aman ne ya jawo, ko ta gurɓataccen ruwa mai asid, ko ta sanyin yanayi. A yi musu adalci, yiwuwa suka ce. Amma ka san yadda magana take, tana barin mujallar masana sai "wataƙila" ta faɗi a hanya.

To, duba lissafin. Idan fit yana taruwa milimita ɗaya a shekara, yanka mai kaurin santimita ɗaya shekara goma ce a dunƙule, wani wurin ma ashirin. Abubuwa biyu da suka haɗu a yanka ɗaya ba lallai ne sun haɗu a shekara ɗaya ba, balle a san wanne ya riga. Kuma ɓarɓashin ba ya zama inda ya faɗi. Ruwa na gangarawa da shi, saiwa na tura shi, sai ka same shi ya bazu a santimita da dama. Ita ma ƙurar furen haka. Ga shi kuma fayin bai ɓace a rana ɗaya ba, ya ɗauki ƙarnuka yana ja da baya a wurare daban-daban. Abin da ya ɗauki ƙarnuka yana faruwa, ai dole a wani dausayin ya dace da wata toka.

Abin da ya fi burge ni shi ne tokar ce da kanta ta ba da hanyar gwaji. In dai Hekla 4 ce ta kashe bishiyoyin, ya kamata a ga alamar a sauran wuraren da tokar ta sauka. A 1994 Valerie Hall da Jonathan Pilcher da wani abokin aikinsu suka duba dausayoyin arewacin Ailan. Toka ɗaya ce, amma raguwar fayin ba ta zo tare da ita ba. Wannan bai rufe zancen Caithness gaba ɗaya ba, don mai yiwuwa ne asid ya fi sauka a can, ko bishiyoyin can sun riga sun raunana. Sai dai ya rage wa hasashen ƙarfi sosai, musamman ɓangaren sanyi. Sanyin da zai kashe daji a Sikotilan da wuya ya tsallake Ailan.

Akwai wani lam'a da ba a cika faɗa wa masu karatu ba: gane tokar ma ba kullum yake da sauƙi ba. Dutse ɗaya kan yi amai sau da dama da sinadarai kusan iri ɗaya. Tokar Hekla ta 1510 da ta 1947 sun yi kama har sai an nemi wata hujja kafin a raba su. Rashin samun toka a bututu ɗaya kuma ba ya nufin ba ta sauka ba, ruwan sama ne ke sauko da ita, shi kuwa yakan tsallake wuri.

A ganina aikin da toka ta fi iyawa shi ne daidaita agogon wurare biyu, sannan a tambayi kowanne abin da ya faru kafinta da bayanta. Haka Christine Lane da abokanta suka yi a 2013 da lakar Tafkin Malawi. Sun gano tokar Toba, dutsen Indonesiya da ya fashe wajen shekara 74,000 da suka wuce, wanda aka daɗe ana cewa sanyinsa ya kusa ƙarar da ɗan Adam. Suka duba lakar ƙasa da tokar da ta samanta, ba su ga alamar wani babban sanyi a Gabashin Afirka ba.