Jinjina ga Masu Lemon Citta

Duk wanda zuciyarsa ta taɓa tashi a cikin mota, da mai cikin da laulayi ya hana ta ko kallon tuwo, sun san darajar matan nan masu haɗa lemon citta. Aikin ba ya son garaje. Sai an kankare ɗanyar citta da cokali, a daka ta a turmi har yajinta ya cika tsakar gida, a jiƙa, a tace, sannan a matsa lemon tsami, a jefa kanumfari 'yan ƙwayoyi. Gwana ba ta cika sukari, don ta san zaƙi in ya yi yawa ƙara tayar da zuciya yake yi. Za ka ji tana cewa, "Ƙanwata, kurɓi kaɗan-kaɗan, kada ki shanye a tashi ɗaya."

Binciken likitoci ma ya gaskata su: citta na taimaka wa abinci ya bar tumbi da wuri, tana kuma rage tashin zuciyar masu juna biyu in an sha daidai wa daida. Na fi jinjina wa wadda in ta ga amai ya ƙi tsayawa za ta ce a garzaya asibiti.

Cittar da suke dakawa galibi daga gonakin Kachia, Jaba da Kagarko take fitowa, a kudancin Kaduna. Da cutar ruɓewa ta cinye gonakin a 2023, farashi ya yi tashin gwauron zabi. Wadda ta jure wannan tsada ba ta tsinka lemonta da ruwa ba, Allah ya saka mata da alheri.