Hawaye Ba Mudun Awon Imani Ba Ne: Sharhi a Kan Littafin La Tahzan



Akwai wani littafi da ya daɗe yana yawo a hannun ɗalibai da malaman Islamiyya, sunansa La Tahzan, wato kada ka yi baƙin ciki. Sheikh A'id al-Ƙarni ne ya rubuta shi, malami ɗan ƙasar Saudiyya. An fassara shi zuwa harsuna da dama. Alhazai sun sha kawo shi tsaraba, masu kasa littattafai a ƙofar masallacin Juma'a ma ba su cika rasa shi ba, na Larabci ko fassarar Turanci. Wanda bai taɓa buɗe shi ba ma ya ji maganganunsa, domin yara sun yayyanka su suna turawa ta WhatsApp, wasu masu wa'azi kuma daga cikinsa suke ɗiba. Shi ya sa na ga ya kamata mu zazzage buhun a ƙasa mu duba, yadda muke yi wa masara kafin mu biya kuɗi, tunda ba a sanin kaya daga bakin buhu.

Bari in fara da alherinsa, don yana da shi. Littafi ne mai sauƙin karatu. Babukansa gajeru ne, mutum zai karanta ɗaya tsakanin Magariba da Isha'i ya rufe. Ya tara ayoyi da hadisai da labaran magabata a kan yarda da ƙaddara, da barin tunanin jiya, da daina tsoron gobe. Ɗan kasuwar da ya saro wake da tsada farashi ya karye a hannunsa, ko matashin da ya gama makaranta ya rasa aiki, in ya karanta zai samu sanyi. Allah Ya saka wa Malam da alheri. Aibinsa na fili shi ne maimaici: magana ɗaya sai ta dawo maka sau da yawa da sabuwar riga. Wannan mai sauƙi ne, tunatarwa dama ta gaji haka.

Inda nake da magana shi ne ginshiƙin da aka ɗora littafin a kai. Malam ya tsaya a kan cewa baƙin ciki ba abu ne da shari'a ta nema ba, ba ya jawo amfani, Shaiɗan ne ma yake son ganin mumini a cikinsa. Asalin wannan magana ta Ibnul Ƙayyim ce, wanda ya rasu a shekarar 751 bayan hijira, a littafinsa Madarijus Salikin. A can yana yi wa Shehu al-Harawi gyara ne, saboda shi al-Harawi ya lissafa baƙin ciki cikin masaukan da mai tafiya zuwa ga Allah yake sauka. Kafin su kuma Imam al-Ƙushairi ya ware wa baƙin ciki babi guda a cikin Risalarsa, ya kawo maganganun bayin Allah da suke ganin yana tsare zuciya daga gafala. Ka ga ashe magana ce da manya suka yi saɓani a kanta. La Tahzan ya ɗauki ɓangare ɗaya ya rinjayar, ya yi ta nanatawa, har mai karatu ya tashi da zaton an rufe ƙofa.

To, Malam yana nufin lallashi. Amma kafin maganar ta iso tabarmar zaman makoki a Sahon Rami ta riga ta zama bulala. Kowa ya san abin da nake nufi. Mutum ya binne ɗansa da safe, da yamma idonsa ya kawo ruwa, sai ka ji wani daga gefe: "Haba Alhaji, kamar ba mai ilimi ba? Ina tawakkalin?" A cikin gida kuwa abin ya fi haka. Uwa tana share hawaye a ɓoye don kada a ce ta yi wa Allah butulci. Wanda ya zauna ƙyam kamar dutse shi ake yabo, a ce wane akwai imani. Mun mai da halayen zuciya hawa-hawa kamar kayan kasuwa: fara'a lamba ɗaya, shiru lamba biyu, kuka da tsoro kuwa tsakuwa ce da za a tsince a zubar. Tambayata ita ce, wa ya ba mu wannan mudun?

Mu koma Alƙur'ani, tunda can ne hujjar kowa. Gaskiya ne an ce wa Sayyidina Abubakar kada ya yi baƙin ciki, lokacin da suke cikin kogo a hanyar hijira. Amma wa aka faɗa wa? Mafificin wannan al'umma bayan Annabinta. Da baƙin ciki alamar raunin imani ne, ai da bai kama Siddiƙu ba. Wannan hani irin na uwa ne da take goye da ɗanta tana cewa "yi shiru, bar kuka". Ba tsawa take yi masa ba, sanar da shi take yi cewa tana nan.

Duba Annabi Yaƙub a Suratu Yusuf. Ya yi alkawarin kyakkyawan haƙuri, kuma a cikin surar nan dai aka ba mu labari idanunsa sun yi fari saboda baƙin ciki. Haƙurin da hawayen a ƙirji ɗaya suka zauna shekara da shekaru, ɗaya bai kori ɗaya ba. Da 'ya'yansa suka dame shi da surutu, sai ya nuna musu cewa shi Allah yake kai wa kukansa. Duba Nana Maryam lokacin naƙuda, da abin ya kai ta ga fatan ina ma ta mutu kafin wannan rana. Me aka yi mata? An nuna mata ruwa, an ce ta girgiza dabino ta ci ta sha. Ba a karanta mata laifi ba. Annabi Musa ya fita Masar a tsorace, ya ji tsoro ranar karo da matsafa, ya yi fushi har ya jefar da alluna, kuma shi ne wanda Allah Ya yi magana da shi.

In kuwa kalmar hani ce take sa hali ya zama na ƙasa, to murna ma an hana ta. Mutanen Ƙaruna sun gargaɗe shi a kan murnar fanƙama da dukiya, a Suratul Ƙasas. Suratun Najmi kuma ta gaya mana cewa Mai sa dariya Shi ne Mai sa kuka. Hannu ɗaya ne ya ba da duka biyun.

Wani zai ce, ai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nemi tsari daga damuwa da baƙin ciki. Haka ne. Amma a cikin addu'ar nan dai ya nemi tsari daga nauyin bashi. Mu 'yan kasuwa mun san bashi. Shin wanda ake bi bashi imaninsa ya ragu ke nan? Manzon Allah da kansa ya bar duniya sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'ir da ya karɓo wa iyalinsa. Neman tsari daga abu yana nuna nauyinsa ne, ba ya nuna wanda abin ya sama ya faɗi jarrabawa. Kuma ranar da ɗansa Ibrahim yake barin duniya, idanun Manzo sun zubar da hawaye har Abdurrahman ɗan Aufu ya yi mamaki, sai ya sanar da shi cewa wannan rahama ce. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu kuwa, har yau malaman tarihi Shekarar Baƙin Ciki suke kiranta.

Ba sai mun tsaya a ƙasar Larabawa ba, muna da misali a gida. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, gwaggo ce ga Umaru Nagwamatse da ya kafa Kontagora, domin mahaifinsa Sarkin Musulmi Abubakar Atiku ɗan'uwanta ne. Wannan baiwar Allah ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ita ce kuma ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis suke bi ƙauyuka suna karantar da mata. Babban kaso na waƙoƙinta marsiyyoyi ne. Da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a 1837, ta yi masa marsiyya inda ta kwatanta kanta da ɗan tsakon da ya rasa uwa. 'Yar Shehu ce fa, matar Waziri Giɗaɗo, malamar malamai, amma ba ta ji kunyar faɗin haka a rubuce ba. Da aminiyarta A'isha ta rasu, ta yi mata marsiyya ta kuma kafa hujja a ciki cewa Annabi bai hana hawayen tausayi ba, kururuwa ya hana. Ba manya kaɗai ta yi wa ba, har maƙwabciyarta ta samu.

Abin lura a aikin Nana shi ne ba ta tsaya a kuka kaɗai ba. Ta yi waƙar murnar nasarar Gawakuke, yaƙin da aka yi a 1836. Ta yi na tsoratarwa a kan lahira, ta yi na begen Annabi. Murna da tsoro da bege da baƙin ciki, kowanne ta ba shi tabarmarsa, kowanne kuma ta fuskantar da shi alƙibla. A nan ne na ga ta fi La Tahzan zurfi. Shi littafin yana koya maka yadda za ka sallami baƙo tun daga ƙofa. Ita tana koya maka yadda za ka sauke shi, ka san haƙƙinsa, har ranar da Wanda ya aiko shi zai kira shi.

Waɗanda suka yi karatun zaure za su tuna Hikam ta Ibnu Aɗa'illah, mutumin Iskandariyya da ya rasu a 1309. Ya yi bayanin ƙunci da yalwar zuciya, abin da malamai suke kira ƙabdu da basɗu. A fahimtarsa Allah yana jujjuya bawa tsakanin biyun ne don kada ya zama bawan ɗayansu. Har ya nuna cewa masana Allah sun fi jin tsoro a lokacin yalwa, domin a nan ne rai yake samun rabonsa, ladabi ya yi wuya. Wannan kowane ɗan kasuwa zai shaida. Ranar da aka faɗi, kowa yana sahun farko da asuba. Ranar da aka ci riba fa?

Kada a fahimce ni a karkace. Ban ce a buɗe ƙofar kururuwa da marin fuska da yaga tufafi da faɗin maganar da za ta saɓa wa Allah ba. Waɗannan haramun ne, babu saɓani. Zaman makoki kwana uku ne, takaba wata huɗu da kwana goma, iyakokin nan suna nan daram. Shari'a tana hukunta abin da harshe ya furta da abin da hannu ya aikata. Abin da ya sauka a zuciya ba da zaɓin mutum ba, kamar damina da rani ne, manomi ba ya kiransu ba ya korarsu, nasa shi ne ya san aikin kowane lokaci. Aikin lokacin daɗi godiya, aikin lokacin wuya haƙuri, kuma hadisi ya tabbatar cewa duka biyun alheri ne ga mumini. Bai ce ɗaya ya fi ɗaya ba. Haƙuri kuwa ba rashin jin zafi ba ne. Wanda bai ji zafi ba, me zai haƙura da shi?

Dalilin da ya sa na tsawaita shi ne halin da muke ciki. Ba mu manta da abin da ya faru a masallacin Mazakuka, nan ƙaramar hukumarmu ta Mashegu, a watan Oktoba na 2021 ba, inda 'yan bindiga suka buɗe wa masallata wuta a sallar asuba. Tun daga lokacin gidaje nawa ne a yankin nan suka karɓi gawa, ko suka sayar da shanu da gona don fansar ɗan'uwa? A cikinmu akwai zawarawa da marayu, akwai magidantan da ƙarar babur da dare take hana su barci. In muka ce wa irin waɗannan tsoronsu rashin tawakkali ne, hawayensu rashin imani ne, mun ɗora musu kaya biyu: ga masifa, ga zargin kai. Wasu daga nan suke fara janye jiki daga masallaci, saboda suna ganin kansu munafukai. Sahabi Hanzala ma ya taɓa zargin kansa da munafunci don ya ga halin zuciyarsa yana canjawa in ya koma cikin iyali, sai Annabi ya kwantar masa da hankali cewa kowane lokaci da nasa hali.

Saboda haka ga shawarata. In ka je gaisuwa ka ga mutum yana hawaye, zauna kusa da shi, yi wa mamacin addu'a, ka kama bakinka. In za ka ce "sai haƙuri", faɗe ta a matsayin addu'a, kada ta fito kamar umarni. Iyayenmu mata, ku bar mai takaba ta yi kukanta a hankali, ku kai mata abinci, ku ɗebe mata ruwa, yadda aka yi wa Nana Maryam. In kuma kuka ga wata ya bi wata mutum ba ci ba barci, ya daina magana da kowa, ko yana zancen ya gaji da rayuwa, to wannan ya zama ciwo. A haɗa da addu'a a kai shi asibiti a Kontagora, neman magani ma sunna ne.

Shi kuwa La Tahzan, wanda yake da shi ya ci gaba da karantawa, zai amfana. Sai dai ya karanta wa kansa, kada ya mai da shi sikelin auna maƙwabcinsa. Malaman Islamiyyarmu kuma, in kun karanta wa ɗalibai babi ɗaya daga cikinsa, ku biyo da Suratu Yusuf, ku ba su labarin marsiyyoyin Nana Asma'u, don su tashi da sanin cewa mai dariya da mai kuka duk a ƙofa ɗaya suke tsaye, kuma Mai gidan ne kaɗai Ya san wanda ya fi kusa.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya dawo mana da waɗanda ke hannun miyagu lafiya, Ya zaunar da ƙasarmu. Ya ba mu ladabin kowane hali da Ya saukar mana. Wassalamu alaikum.