18 ga Yuni: Ranar Shata da Masu Cewa Aro Muka Yi

Duk shekara idan 18 ga Yuni ta zagayo, sai ka ji kalangun Alhaji Mamman Shata a gidajen rediyon Hausa, jaridu su fito da tsofaffin hotunansa, masu waya su yi ta tura wa juna waƙoƙinsa. Duk shekara kuma sai an sami mai tsaki. Wani ya ce wannan ɗabi'ar Turawa ce, su ne ke buɗe littafi kowace safiya su ga wane mawaƙi aka haifa yau, wane faifai ya fito yau. Wani ya ce ai maroƙi ne, me za a tuna? Na biyun ba zan ɓata tawada a kansa ba. Mutumin da Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiyana tun 1975, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988, ya wuce a tsaya ana gardamar ko ya isa. Na farkon ne ke da 'yar magana a bakinsa, shi zan amsa wa.

Gaskiya ne Turawa sun iya wannan lissafi. A kalandarsu ta kiɗa, 18 ga Yuni ce ranar da aka haifi Paul McCartney na ƙungiyar Beatles a Ingila a 1942, kuma ita ce ranar da aka rufe bikin waƙa na Monterey a Amurka a 1967, daren da Jimi Hendrix ya cinna wa jitarsa wuta a gaban jama'a. Abin ya zo musu da sauƙi ne saboda komai nasu a rubuce yake: asibiti ya rubuta haihuwa, kamfani ya rubuta ranar da faifai ya shiga kasuwa, mujalla ta rubuta makon da ya fi kowanne ciniki. A Legas ma iyalan mawaƙi Fela sun ɗauki makon haihuwarsa, 15 ga Oktoba, sun mai da shi biki tun 1998.

Mu kuwa ranar da muka riƙe game da Shata ta rasuwarsa ce: Juma'a, 18 ga Yuni 1999, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kwana ashirin bayan soja sun miƙa mulki. Aka kai shi Daura aka rufe, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar. Haihuwarsa, littattafai suna cewa 1923 a Musawa, ba wata, ba rana. Haka abin yake ga sauran: Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya Jos ranar 20 ga Yuni 2015, kwana biyu tsakanin ranarsa da ta Shata. Duk ranakun rashi ne. To mai cewa aro muka yi ya sake dubawa. Bature yana murnar haihuwa da ciniki, mu muna tuna mamaci da addu'a, kuma Bahaushe bai jira kowa ya koya masa ƙirga uku da bakwai da arba'in ba. Lambar kalanda kawai muka ara.

Kafin lambar ta shigo ma muna da tamu hanyar riƙe lokaci. A nan ƙasarmu ta Ƙafin Maiyaki da Kiru da Bebeji, har yau dattijo zai gaya maka ya yi auren fari shekarar da aka kashe Sardauna, ya sayi keke shekarar canjin kuɗi, sun baro tsohon garinsu lokacin da aka datse ruwan Tiga. Waƙa ma tana cikin waɗannan alamomi. Wanda ya ce yana yaro aka fara jin waƙar Shata ta kumbon Afolo ya gaya maka shekarunsa ke nan, domin a watan Yuli na 1969 Amurkawa suka sauka a kan wata.

Dalilin da ya sa nake ganin ranar Shata ta fi ta kowane mawaƙi cancantar a raya ta yana cikin yadda yake gina waƙa, kuma a nan nake so in daɗe.

Saurari makaɗan fada, irin su Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Ɗanƙwairo. Jagora yana ɗauko zance, kafin ya dire 'yan amshi sun karɓe, su ƙarasa, wani lokaci su yi ƙari da nasu. Wannan ba ya yiwuwa sai an zauna a gida an shirya, kowa ya haddace inda zai shiga da inda zai fita. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya daɗe da warware wannan tsari a littattafansa na nazarin waƙar baka. Shata bai bi wannan hanya ba. Nasa 'yan amshin gindin waƙa kawai aka ba su, gajeren layi ɗaya, su yi ta maimaita shi daga farko har ƙarshe ba ragi ba ƙari, kalangu yana zagayawa a ƙarƙashinsu. Akwai manazartan da ke ɗaukar wannan a matsayin kasawa, suna cewa waƙar Shata ba ta da saƙa irin ta Narambaɗa. Ina girmama Narambaɗa ƙwarai, amma waɗannan sun auna Shata da mudun da ba nasa ba.

Amshin nan turke ne: an kafa shi wuri ɗaya, igiyar kuma doguwa ce, Shata yana kiwo duk inda ya ga dama ya dawo. Tun da 'yan amshi ba su jiran wata kalma daga bakinsa kafin su shiga, ba abin da ya ɗaure shi. Lokacin da suke rera nasu layin, shi yana da numfashi ɗaya na hutu, kuma a cikin wannan numfashi yake aikin da ya bambanta shi da kowa. Yana duban fili. Ya ga wanda ya shigo yanzu, ya ga wanda ya miƙe da kuɗi a hannu, ya ji sanƙira yana shelar kyautar da aka yi, ya ga wanda ya sunkuyar da kai don kada a gan shi. Kafin amshi ya sauka ya riga ya ƙulla ɗan waƙa na gaba da abin da idonsa ya gani.

Dubi yadda ambaton yake tafiya. Ba ya jefa suna tsirara ya wuce. Yakan haɗa mutum da ubansa ko ubangidansa, ya ce na wane ne, ya haɗa shi da garinsa, da sana'arsa, da matarsa ko ɗansa, sannan ya faɗi abin da ya ba shi: riga ce, doki ne, mota ce, kujerar Makka ce. Sau da yawa yakan ja wa sunan rai, ya yi ta zagaye da gari da dangi har jama'a su gane wa ake nufi su fara sowa, sannan ya sake shi daidai faɗuwar kalangu. Idan mai gidan yana da abokin hamayya, sai a sakaɗa masa zambo a tsakani, ba suna, amma duk wanda ke filin ya san inda kibiyar ta nufa. Har makaɗansa yakan kira da suna yana cikin waƙa, ya zuga wannan, ya tsawata wa wancan. Idan ya shiga zancen tafiya kuwa, sai ya jero garuruwa bi da bi, wanda ya san hanyar zai ji kamar yana cikin motar. Wanda ya saurari wannan da kunnen basira zai ga ɗan waƙa ɗaya, da bai wuce numfashi biyu ba, ya ɗauke mutum da gidansu da garinsu da arzikinsa na wannan shekara.

Abin da wannan ya haifar shi ne waƙar Shata ba ta da ranar fitowa. Ɗauki Bakandamiya, wadda yake wasa kansa a cikinta: ɗaukarta da ke hannun mutane ba ɗaya ba ce, kuma ba su zo daidai da juna ba, a tsawo ko a abin da ke ciki. Wacce ce ta asali? Duk na asali ne. Faifan garmaho na da bai wuce ɗaukar kamar minti uku a kowane gefe ba, don haka abin da ya shiga faifai guntu ne aka yanko daga waƙar da a fili za ta iya kai rabin sa'a. Kaset ɗin da wani ya ɗauka da rakodarsa a gidan biki, mai ƙugi da hayaniyar yara, a wurina ya fi faifan kamfani daraja, saboda a cikinsa ne za ka ji wa da wa suka halarta. Shi ya sa gardamar da ake ta yi duk ranar tunawa, wai waƙoƙinsa dubu nawa ne, ba ta da makama. Me za ka ƙirga, amshi ko ranakun da aka rera shi?

Kowace ɗauka tana ɗauke da kwanan watanta a ciki, sai dai a kulle. Mabuɗin yana hannun tsofaffi. Zauna teburin mai shayi a tashar mota da asuba, inda direbobin da ke bi ta Tudun Wada da dajin Falgore zuwa Jos suke karyawa, a saka Shata a waya. Ba za a yi minti biyar ba wani dattijo zai ajiye kofinsa ya ce, "Yaro, mayar da ita baya. Ka ji ya ce fam? To wannan kafin naira ce." Ya yi gaskiya, domin ranar 1 ga Janairu 1973 naira da kwabo suka fara aiki. Wani zai karɓe ya ce wannan da aka ambata dillalin gyaɗa ne, wancan direban babbar mota ne, gidansa yana nan har yanzu, jikokinsa ne a ciki. Da irin wannan ake kwance waƙa. Duk inda ka ji an kira Muhammadu Bashar da Wambai, ka san kafin 1966 ne, shekarar da ya hau gadon Daura. Duk inda aka ce Jihar Katsina, ka san daga 1987 ne zuwa sama. Sarautar da mutum ke riƙe da ita, irin motar da ya bayar, ko an kira shi Alhaji ko ba a kira ba, duk hatimin lokaci ne. Wannan zama na teburin shayi nazari ne cikakke, kuma shi ne abin da nake karewa.

Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun yi irin wannan bin diddigi a littafin Shata Ikon Allah na 2006, Aliyu Ibrahim Ƙanƙara ma ya ci gaba da shi. Allah ya saka musu. Amma mutanen da Shata ya ambata sun fi ƙarfin littafi ɗaya ko biyu, kuma masu sanin su suna ta tafiya. A gefe guda ga abin da waya ke yi. Je wurin yaron da ke cajin waya yana tura waƙoƙi a kan memori, ka ce ya zuba maka Shata. Zai zuba maka ɗari, amma an raɗa musu Shata 1, Shata 2, Shata 3, an yanke farkon da mai ɗauka ya faɗi gari da gidan da ake biki, wata ma an haɗa ta da wutsiyar wata. Yaron ba shi da laifi, haka ya same su. Gidajen rediyo kuwa, da yawansu idan ranar ta zo sai su juya waƙoƙi biyar ɗin da kowa ya haddace, mai gabatarwa ya karanta tarihin da aka karanta bara, a rufe shiri. Idan akwai inda muka kwaikwayi Bature da gaske, to nan ne: jera shekaru da lambobin yabo, a bar naman waƙar.

Akwai kuma abin da ya fi wannan damuna. Tsakiyar Yuni a ƙasarmu damina ta zauna, ana noman fari. Da can wannan ne lokacin gayya, lokacin da makaɗin noma ke bin bayan samari da gangarsa, yana kiran kowane da sunan ubansa da kakansa da kunyar da ya ci bara, har sai wanda ya gaji ya sake duƙawa. Dabarar ita ce dai ta Shata: gajeren amshi, ido a kan fili, suna a kan bugun ganga. Haka mai kalangun mahauta yake yi ranar kasuwa, haka makaɗan 'yan tauri da na mafarauta, haka mata masu kiɗan ƙwarya a cikin gida. Shata daga cikin irin waɗannan ya fito. Yaro ne mai tallan goro da alewa yana waƙa a kasuwa da dandali kafin sarakuna su san da shi. Bambancinsa da makaɗin noman Doguwa ko na Kiru shi ne baiwarsa ta fi yawa, kuma na'ura ta same shi da rai. Su kuwa maganin feshi da tarakta sun rage gayya, gangunan suna rataye a zaure fatarsu tana bushewa, kuma ba ɗayansu da ke da rana a kalandar kowa. Ina ganin 18 ga Yuni tasu ce su ma. Wanda ya ce yana son Shata amma bai san sunan makaɗin noman ƙauyensu ba, rabin Shata ya sani.

Don haka roƙona ga gidajen rediyon Kano shi ne, idan ranar ta zo, su zaɓi waƙa ɗaya tak, su saka ta ɗa bayan ɗa, su buɗe layin waya 'ya'ya da jikokin waɗanda aka ambata su kira su faɗi su wane ne iyayensu. Kai kuma mai karatu, idan akwai tsoho a gidanku ko a unguwarku da ya taɓa tsayawa filin da Shata ya yi wasa, ko ya taɓa noma a bayan ganga, ka je ka gaishe shi, ka saka masa waƙar, ka danna ɗaukar murya a wayarka, ka rubuta sunayen da ya faɗa da garuruwansu. Kada ka jira Yuni mai zuwa. Allah ya jiƙan Alhaji Mamman Shata da sauran makaɗanmu da suka riga mu gidan gaskiya.