Gitar Abzinawa da gadon Abdallah Oumbadougou

A watan Janairun 2020 Allah ya yi wa Abdallah ag Oumbadougou rasuwa, kuma da wuya ka sami wanda ya ji labarin a Minna. Amma duk mai bi ta unguwar Tunga ko Bosso a garin da daddare ya taɓa jin irin kiɗansa yana tashi daga wayar wani Buzu mai gadi, ana dafa shayi a kan gawayi.

Kiɗan ya tsiro ne a gudun hijira. Farin shekarun 1970 da 1980 ya ƙarar da dabbobin Abzinawa, samari suka watsu Aljeriya da Libiya, wasu suka faɗa sansanonin sojan Gaddafi. Can suka rungumi gita. A Mali ƙungiyar Tinariwen ce ta yi fice; a Nijar kuwa Abdallah ne da ƙungiyarsa, Takrist n'Akal. Da tawaye ya ɓarke bayan kashe-kashen Cintabaraden a 1990, kaset ɗinsa ya zama jaridar mutanen da ba su da jarida. Ana kwafa daga rediyo zuwa rediyo, sauti na daɗa dusashewa, hukuma kuma ta haramta shi. Sai bayan yarjejeniyar sulhu ta 24 ga Afrilu 1995 ya yi wasa a fili a ƙasarsa.

Turawa sun sa wannan kiɗa a sahun rok saboda gitar lantarki ce, suna kwatanta makaɗansa da Jimi Hendrix. A ganina kwatancin ya ɓoye fiye da abin da ya nuna. Saurari hannun Abdallah: babban yatsa na riƙe da tsirkiya guda, tana gurnani ba sauyi, sauran yatsun na zagaya gajeren karin da ake maimaitawa. Ba ya tsere da kowa. Tafi da amshi, waɗanda aka gado daga kiɗan tende na mata, su ke ɗauke da waƙar, gita tana biye da murya yadda gurmi ko kuntigi ke bin mawaƙin Hausa. Nauyin yana cikin kalmomin Tamashek: kewar gida, ƙishirwa, kira ga haɗin kai. Mai rawa a dandalin Faris bai ji ko ɗaya ba.

Bayan sulhu ya buɗe makarantun kiɗa a Arlit da Agadas, ya kuma zaga Turai da ayarin Desert Rebel. Kundinsa Anou Malane, na tsakiyar shekarun 1990, kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi a 2019.

Na bayansa sun fi shi suna. Bombino ya shiga takarar kyautar Grammy da kundin Deran. Mdou Moctar, wanda ganin wasan Abdallah ya sa shi haɗa gitarsa ta farko da wayar birkin keke, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa Anar a 2008, da muryar kwamfuta irin ta waƙoƙin fina-finan Hausa. Su sun ƙara ƙarfin lasifika da gudun yatsu, sun matso kusa da rok ɗin da ake laƙaba musu. Sai dai ina jin wani abu ya ragu: idan gita ta yi ta kuka minti biyar ita kaɗai, ’yan amshi sun koma ’yan kallo.