Jarida da taron jama'a: nazari a kan iyakar ƴancin magana a wajen Mill

Littafin John Stuart Mill mai suna On Liberty, wanda ya fito a 1859, shi ne har yanzu madogarar masu kare ƴancin faɗin albarkacin baki. Hujjarsa ba ta da wuyar ganewa. Ra'ayin da aka danne yana iya zama gaskiya, in kuwa ƙarya ne, gaskiya tana ƙara ƙarfi wajen gogayya da shi. Saboda haka hukuma ba ta da hurumin hana magana sai inda za ta cutar da wani. Mun yarda da wannan tushe. Inda muke da ja shi ne wurin da Mill ya kafa iyakar.

Misalin da ya bayar sananne ne. Wanda ya rubuta a jarida cewa ƴan kasuwar hatsi ne ke kashe talaka da yunwa, a ƙyale shi. Amma wanda ya faɗi haka ga fusataccen taro a ƙofar gidan ɗan kasuwar, ya cancanci hukunci. Ke nan ra'ayin ɗaya ne, wuri da lokaci ne suka bambanta. Wannan hanya Kotun Ƙolin Amurka ta bi a shari'ar Brandenburg ta 1969: ba a hukunta mai magana sai in yana ingiza mutane su karya doka nan take, kuma akwai alamar za su yi.

A ganinmu raunin yana nan. Mill ya ɗauka jarida daban, taro daban, kuma mai karatu yana da sukunin yin tunani da mayar da martani. Rediyo ya rushe wannan katanga. A Ruwanda, gidan rediyon RTLM ya fara aiki a 1993, ya yi watanni yana shuka ƙiyayyar ƴan Tutsi, sa'an nan a 1994 ya riƙa faɗin sunayen mutane da maɓoyarsu. Mai magana yana zaune a ɗaki, taron kuwa yana kowane shinge. A 2003 kotun duniya ta Arusha ta samu Ferdinand Nahimana, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa gidan, da laifi. Wayar hannu ta ƙara faɗaɗa matsalar.

Faransa ta bi wata hanya. Dokar Gayssot ta 1990, wadda aka saka cikin dokar ƴan jarida ta 1881, tana hukunta musanta laifuffukan da aka yanke wa hukunci a Nuremberg, ko da babu taro a ƙofar kowa. A nan abin da aka faɗa ne laifi. Sai dai wannan hanya tana ba hukuma ikon tantance ra'ayi, kuma doka ba ta zaɓen hannun da za ta faɗa gobe.

Don haka ba mu ga dalilin yin watsi da ma'aunin cutarwa ba, gyara yake bukata. Kamata ya yi alƙali ya dubi ƙarfin muryar mai magana, da yawan maimaicin saƙon, da ko wanda ake zargi yana da kafar mayar da martani. Sharaɗin duka shi ne alƙalin ya kasance ba ya karɓar umurni daga masu mulki.