Jarka a Matsayin Fuska: Tsokaci a kan Ayyukan Romuald Hazoumè a Wida

Wannan 'yar maƙala ta samo asali ne daga hutun kwana uku da na yi a Wida, wani gari na bakin teku a Jamhuriyar Benin, a 2014, lokacin da gidan baje kolin fasaha na Gidauniyar Zinsou bai cika shekara da buɗewa ba. Gidan tsohon bene ne mai suna Villa Ajavon, wanda aka gina a 1922 bisa salon ginin 'yantattun bayin da suka komo daga Barazil. Ba dukkan abin da ke ciki za a duba ba, za a taƙaita ne a kan fuskokin da Romuald Hazoumè, haifaffen Porto-Novo a 1962, yake ƙerawa da jarkokin roba.

Dabararsa ba ta da wuyar ganewa. Yakan yanko saman jarka, mariƙinta ya zama hanci, bakinta ya zama baki, sannan ya ɗora mata gashi ko tsumma. Mai kallo na iya ɗaukar wannan a matsayin kwaikwayon fuskokin dodanni na gargajiya kawai, ko ba'a ga Turawan da ke tara su. A ganina jigon ya wuce nan. Irin waɗannan jarkoki ne ake ɗaurawa a babur a yi fasa-ƙwaurin fetur daga Nijeriya, har ma akan gasa su a wuta su kumbura don su ƙara ci. Duk wanda ya bi ta iyakar Seme kafin janye tallafin mai a 2023 ya san su, ya kuma san direban na iya ƙonewa ƙurmus a hanya. Wato jarkar tana wakiltar mutumin da aka yi wa lodi fiye da kima, a yar da shi in ya fashe. Hazoumè da kansa ya fito da wannan ma'ana a wani aikinsa, La Bouche du Roi, inda ya jera jarka 304 a siffar jirgin bayi.

Daga gari zuwa gaɓar teku kusan kilomita 4 ne, ta hanyar da aka bi da bayi, ciki har da Hausawan da suka ƙare a Bahiya. A ƙarshenta aka gina Ƙofar Ba Komowa a 1995. Na tsaya a nan da la'asar, amma dole in ce ƙofar ba ta dame ni kamar jarkar ba. Ita ƙofa tana ajiye zalunci a can baya, baƙo ya jimanta, ya ɗauki hoto, ya wuce otal. Jarka kuwa na sake cin karo da ita a bakin titi, cike da mai, kafin in kai masauki.

Inda na ga rauni shi ne yawan maimaici. Bayan fuska ta huɗu ko ta biyar mamaki yakan dushe, sai ido ya koma kan ado. Haka kuma tsaftar farin bango tana raba jarkar da ƙauri da maiƙon da suka ba ta ma'ana tun farko.